Amsa ga Hajiyar da bakin kyanwarta ke wari

Wa'alaikumus salam Hajiya, ya gida ya yara. Na ga tambayarki tun jiya da dare, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu na samu na zauna. Kin ce kina nan Ƙofar Kaura, kyanwarki ta kai shekara 4, kwana biyun nan bakinta wari yake sosai har yara sun daina ɗaukarta, tana dalalar da yawu, in ta zo cin abinci sai ta karkatar da kai gefe guda wani lokacin ma abincin ya faɗo daga bakin. Kina tambaya ko za ki iya goge mata da makilin ko asuwaki, sannan maƙwabciyarki ta ce ki jiƙa mata rabin farasitamol.

Bari in fara da na ƙarshen don shi ya fi tada min hankali. Don girman Allah kar ki ba ta farasitamol, ko rabi ko kwata ko ɗan gutsure, haka Panadol don duk abu ɗaya ne, haka ibuprofen da diclofenac da duk wani maganin ciwon jiki na mutane. Hantar kyanwa ba irin tamu ba ce, ba ta da sinadarin da ke narkar da farasitamol, ƙwaya ɗaya mai 500 ta isa ta kashe babbar mage. Na gani da idona, wani bawan Allah ya taɓa kawo min muzurunsa da sassafe a cikin kwali, ya ce ciwon haƙori yake shi ne ya je wani kemis aka ba shi ƙwaya ya danna masa da dare. Ina ɗaga leɓensa na ga dasashin nan ya koma ruwan ƙasa kamar an shafa masa cakulan, fuska ta kumbura, tafin ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama don jinin ya kasa ɗaukar iska. Mun yi iya yinmu amma an makara. Mutumin nan wallahi har hawaye ya yi, kuma tausayi ne ya sa shi ya bayar ba mugunta ba. To ki gaya ma maƙwabciyar taki ita ma, don watakila tana da tata magen.

Sai batun abin da ke damun taki. Gaskiya daga yadda kika kwatanta wannan ya wuce a ce a fara gogewa a gida, ciwo ne take ji kuma ya daɗe. Mutane da yawa suna ce min ai likita tana cin abincinta, to mage ko mussa kamar yadda wasunmu ke cewa a nan, halittarta ce ta ɓoye ciwo, za ta yi ta ci da haƙori ruɓaɓɓe tana haɗiye abinci ba tauna har wata da watanni, ranar da kika ga ta fara karkata kai da zubar da yawu to abin ya kai mata iya wuya ne. Wata za ki ga ta zo da gudu wurin kwano da yunwarta, ta sa baki sau ɗaya ta yi tsalle baya ta yi ƙara kamar kwanon ne ya cije ta. Wata kuma ta daina lasar jikinta, gashin ya cukurkuɗe ya yi datti, ita da aka sani da tsafta. Duk bakin ne.

Ki samu lokacin da ta natsu, bayan la'asar haka tana kwance, ki zauna a bayanta ba a gabanta ba, ki dafa kanta da hannu ɗaya ki sa babban yatsa ki ɗaga leɓen sama ta gefe, ba sai kin buɗe bakin ba. Ki haska da fitilar waya. Lafiyayyen dasashi jaja-jaja ne mai haske ba ja wur ba, haƙoran kuma farare. Abin da nake zaton za ki gani shi ne wani jan layi daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, sannan manyan haƙoran can baya na sama sun yi kanta, wani datti ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa ya daskare a kansu kamar siminti, wani lokacin har ya rufe haƙorin baki ɗaya mutum ya zaci shi ne haƙorin. In ta ƙi yarda ki ƙyale ta, kar ki yi kokawa da ita.

Yadda abin ke faruwa kuwa, kyanwa tana da haƙoran nono 26, suna fara fitowa tana da kamar sati 2 zuwa 3, daga wata 3 zuwa 4 ta fara famfara, kafin ta cika wata 7 manyan sun gama fitowa guda 30, 16 a sama 14 a ƙasa. Waɗannan 30 ɗin su ke nan har ƙarshen rayuwarta, wanda ya fita ya fita. Kuma ba irin namu ba ne masu faɗi na niƙa, nata kamar almakashi suke, na yanka nama ne, shi ya sa ba kasafai take yin irin kogon da zaƙi ke yi ma yaranmu ba, ita harshenta ma bai san ɗanɗanon zaƙi ba. Matsalarta a dasashi take. Duk bayan cin abinci akwai wani yauƙi-yauƙi da ke kwanciya a kan haƙori, cike yake da ƙwayoyin cuta, yana nan da laushi ko da tsumma aka share zai fita, amma in aka bar shi 'yan kwanaki kaɗan sai sinadaran da ke cikin yawu su daskarar da shi ya zama wannan kantar. Daga nan sai dasashi ya yi ja ya kumbura, in aka kama shi a nan yana warkewa tas, in aka bari sai cutar ta gangara ƙasa ta fara cin naman da ke riƙe da saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi, wannan kuma abin da ya ci ya ci ba ya dawowa, sai dai a tsayar da shi. Cibiyar lafiyar kyanwa ta jami'ar Cornell a Amurka ta ce tsakanin kashi 50 zuwa 90 cikin 100 na magunan da suka haura shekara 4 suna da wani nau'i na ciwon haƙori, kinga taki ta shigo shekarun ke nan, ba wai sakacinki ne ya fi na kowa ba.

To abin da nake so ki riƙe shi ne, aikin gida na kan wancan yauƙin mai laushi ne. Da zarar ya daskare babu buroshin da zai cire shi, babu asuwaki, babu wani garin magani da za a barbaɗa a abinci. Kuma kar ki yarda wani ya ce zai kankare mata da reza ko allura ko farce, na ga masu yin haka, sai a ɓanɓare na sama haƙori ya yi fari a ido a ce an gama alhali ainihin cutar tana ƙarƙashin dasashi inda ba a gani, ga shi an kakkarce haƙorin ya yi kaushi datti ya fi saurin kama shi, banda haɗarin ta fizge a yanke ta.

Don haka ki kai ta asibitin dabbobi cikin satin nan. Abin da ake yi shi ne a yi mata allurar barci a wanke haƙoran sama da ƙarƙashin dasashi, a bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ruɓe ko yake girgiɗi a cire. Nasan mutanenmu da jin allurar barci sai gaba ya faɗi, kuma ba zan ce miki babu haɗari ko kaɗan ba, amma mage mai shekara 4 da aka duba lafiyarta aka auna nauyinta kafin a yi, haɗarin kaɗan ne in aka kwatanta da barinta da baki yana ruɓa, kuma babu yadda za a yi a yi wannan aikin da kyau tana farke. Ki tambayi likitan kai tsaye ko yana yin aikin haƙorin mage, don yawancinmu nan aikinmu ya fi yawa a kan shanu da tumaki da kaji, ba kowa ke da kayan ba, kuma ba abin kunya ba ne ya ce miki a'a. In abin ya yi tsanani har ana buƙatar hoton muƙamuƙi akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya, akwai na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Batun cire haƙori kuma kar ya dame ki, magen gida ba farauta za ta dogara da ita ba, na sha ganin wadda aka cire ma haƙora da yawa bayan sati biyu ta fi da cin abinci har ta yi ƙiba, don ciwon ne dama ya hana ta.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan likita ya gani, ba wannan kantar ta haƙori kaɗai ke kawo waɗannan alamun ba. Akwai wani ciwo da ya yi yawa a maguna inda jikin da kansa ke cinye haƙorin, ya fara daga wajen saiwa ya yi rami, sai ki ga ɗan jan nama ya hau kan haƙorin kamar ya rufe wurin, in aka taɓa sai muƙamuƙinta ya kama rawa don zafi, har yau ba a gama gano sababinsa ba kuma gogewa ba ta hana shi, maganinsa cirewa. Akwai wanda duk bakin ne har can maƙogwaro zai yi ja wur kamar ɗanyen nama. Akwai murar maguna da ke fito da gyambo a harshe, ita tana zuwa da atishawa da kwantsa a ido, kuma tana da rigakafi. In warin ya yi kama da na fitsari kuma tana yawan shan ruwa tana ramewa to ƙoda muke zargi, musamman in ta manyanta. In kuma dasashin fari fat ne ko yana zubar da jini haka kawai, ki tuna ko an sa maganin ɓera a gidan ko a maƙwabta, don wasu daga cikinsu hana jini daskarewa suke, wannan na gaggawa ne ba a kwana da shi.

Sai ƙaya. Wannan kam mu muke jawo musu, a gama cin kifi a tattara kai da ƙaya a zuba ma mage. Akwai wata yarinya da ta kawo min 'yar kyanwarta daga wajen Sabuwar Unguwa, kwana 3 tana ta kai hannu baki tana dalala an ɗauka haƙori ne, muna buɗewa sai ga ƙashin kaza ya gicciye a ganɗarta daga haƙorin dama zuwa na hagu ya maƙale kam, har wurin ya fara ruɓa, warin kuwa ba a magana. Minti biyu aka cire, washegari ta ci abinci. Haka zare, masu ɗinki a gida ku kula, yana naɗewa a gindin harshe sauran ya wuce ciki, in kin ga zare a bakinta ko yana leƙowa ta bayanta kar ki ja, yana iya yanka hanji.

Abu ɗaya kuma da ba zan tsallake ba, in mage mai yawo waje ta fara zubar da yawu farat ɗaya, halinta ya canza, ta kasa haɗiya ko tana kai cizo ba dalili, musamman in ta dawo da rauni kwanakin baya kuma ba a taɓa yi mata rigakafin haukan kare ba, kar kowa ya sa hannu a bakinta. A rufe ta a ɗaki a kira likita. Mage ma tana kamuwa kuma tana sa ma mutum. Taki da ta daɗe da wari a hankali bai yi kama da wannan ba, amma in ba a yi mata allurar ba ki sa a yi, daga wata 3 ake farawa. In kuma ta taɓa cizonki garin dubawa, ki wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ki tafi asibiti ranar, fiƙarta siririya ce tana kai ƙwayar cuta can ciki bakin ciwon ya rufe, kafin kwana ɗaya hannu ya haye.

To bayan an yi mata aiki baki ya warke likita ya ce bismillah, nan ne naki aikin zai fara, kuma shi ne zai hana ki komawa gidan jiya. Kar ki fara kafin nan, in kika goga buroshi a kan dasashi mai ciwo sau ɗaya ta gama yarda da ke a kan bakinta.

Gaggawa ita ke ɓata abin. Satin farko babu buroshi babu komai, ki dafa 'yar tsokar kaza a ruwa zalla, ba gishiri ba magi ba albasa ba tafarnuwa, ki riƙa tsoma yatsa a romon tana lasa, tana lasa kina shafa gefen bakinta, daga nan ki ɗan ɗaga leɓe ki saki ki ba ta 'yar tsoka. Shi ke nan na ranar, ko minti ɗaya bai kai ba. Ki riƙa yi a lokaci guda kullum, misali bayan sallar isha'i in gida ya yi shiru yara sun kwanta, mage tana son abin da ta saba. Sati na biyu ki ɗauki tsinken audugar nan na goge kunne ki tsoma a romon ki shafa a kan fiƙa ɗaya, gobe biyu, jibi ki ɗan matsa baya. Sati na uku ki naɗa bandeji mai laushi a yatsa ko ki ci gaba da audugar in kina tsoron cizo, ki riƙa bin layin da haƙori ya haɗu da dasashi a hankali kamar kina share kwalli. Sai a na huɗu in ta yarda ki kawo buroshi, na maguna in kin samu, in babu ki sayi na jarirai mafi ƙanƙanta mai laushi sosai. Ki ɗan karkata shi ya kalli dasashi, ki yi ɗan zagaye-zagaye, bayan haƙoran kawai wato ɓangaren kumatu, ba sai kin buɗe bakin kin shiga ciki ba don can harshenta na ɗan taimakawa kuma kantar ta fi taruwa ta waje. Ki fi ba manyan na sama na can baya da fiƙoƙi muhimmanci. Daƙiƙa 30 kowane gefe ya isa. Kullum shi ne daidai tunda kinji cikin kwanaki yake daskarewa, in ya gagara to kar ya gaza sau 3 a sati, wanda ake yi sau ɗaya a wata wahalar da kai ne kawai.

In kika ga ta kwantar da kunne baya, jela na bugun ƙasa, ki sake ta, gobe ma rana ce, ki koma matakin da ta yarda da shi. Kar a danne ta mutum biyu, kar a daka mata tsawa. Wata sati 2 ta saba wata sai wata 2, wata kuma gaskiya har abada ba za ta yarda da buroshi ba sai auduga, to a tsaya a audugar ya fi babu nesa ba kusa ba. Masu 'yan ƙanana ku kuka fi kowa sa'a, ku fara saba musu da taɓa baki tun suna wata 2, sai dai a sassauta lokacin famfara don dasashin na ciwo.

Makilin kuwa a'a. Mu muna tofarwa ita haɗiyewa za ta yi, ga sinadarin fuloraid ga kumfa, yana ɓata mata ciki in ya taru kuma guba ne, ƙamshin na'ana'an nan ma ba ta ƙaunarsa. Akwai man goge baki na dabbobi mai ɗanɗanon kaza ko kifi wanda aka yi don a haɗiye, an fi samu a shagunan kayan dabbobi na Kano da Kaduna da Abuja ko a yi oda ta intanet, in ba ki samu ba kar ki fasa, gugar ita ce aikin ba man ba, ruwa zalla ko romon nan ya wadatar. Asuwaki a bakinmu sunna ne kuma yana da amfani, amma a bakin mage ya yi kauri ya yi tauri, zaruruwansa na karyewa su maƙale, na dogon yaro kuma ɗacinsa kaɗai zai sa ta yi ta kumfa ta guje ki. Gawayi da toka da gishiri da kanwa duk a bar su. Kanumfari da muke sa ma haƙori in yana ciwo, shi da mansa, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Dettol ma haka, ko kwanonta kar a wanke da shi balle a kai shi bakinta. Akwai wani maganin shafawa a dasashi mai suna chlorhexidine da ake yi na dabbobi, yana aiki sosai musamman ga wadda ta ƙi buroshi, amma likita ne zai ba ki wanda ya dace, kar a ɗauko ruwan kuskure baki na mutane a kemis don wasu da barasa a ciki.

Ta fannin abinci, yawancin magunan gidajenmu tuwo da miya da shinkafa da sauran kwano suke ci, wannan ba ya ba haƙori aikin komai sai dai ya lafe a jiki, kuma ita mai cin nama ce, akwai abin da jikinta ke buƙata wanda sai a nama take samu, rashinsa na taɓa ido da zuciya. Ga miyarmu ba ta rabuwa da albasa, albasa da tafarnuwa kuwa suna farfasa mata jini a hankali, haka tsire da balangu da aka barbaɗe da yaji. Abin da nake ba mutane shawara mai sauƙin kuɗi shi ne ƙundun kaza ko zuciya ko nama mai ɗan jijiya, a ɗan tafasa shi ba kayan miya, a yanka dogo-dogo kamar yatsa yadda dole sai ta sa haƙoran gefe ta yanka, sau 2 ko 3 a sati. Ki ce ma mai kaji a kasuwa ya riƙa ajiye miki. Na ce a tafasa don ɗanyen kaza na iya ɗauke da cuta, har murar tsuntsaye tana kama mage. Ƙashi dafaffe kuma ko na layya ne kar a ba ta, tsagewa yake ya soke ta ko ya karya haƙori. Busasshen abincin leda na kanti da ake cewa yana wanke haƙori, na gama-gari bai cika yin komai ba don yawancinsu haɗiye shi suke ɗungurungum, akwai dai na musamman masu manyan ƙwayoyi da aka yi don haƙori, za ki ga tambarin VOHC a jikin ledar, wato shaidar wata majalisar likitocin dabbobi mai tantance kayan kula da haƙori, su suna ragewa amma ba sa maye gurbin gogewa.

Kafin ki samu zuwa asibitin, yau da gobe ki ba ta abu mai laushi, dafaffen kifi da kika tsince ƙayar tas ko kaza da aka dagargaza da ɗan romo, mai ɗumi kaɗan don ƙamshin ya ja ta, ruwa mai kyau a kusa da ita, ki sa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi ki share mata haɓa inda yawun ke bushewa. In ta kai kwana 2 ba ta ci komai ba kar ki jira ƙarshen sati, mage in ta daɗe ba ci hantarta ke lalacewa, musamman mai ƙiba. Ki kira likitan tun yau ki ji ko zai ce a hana ta abinci kafin allurar da kuma awa nawa, ki tafi da ita da safe kafin rana ta buɗe, a cikin kwando mai murfi da tsohon zaninki a shimfiɗe a ciki, ba a buhu ba kuma ba a hannun yaro a bayan mashin ba. In kin samu ɗaukar hoton haƙoran lokacin da kika ɗaga leɓen ki turo min in gani. Allah ya ba ta lafiya.